Daminar da Aka Rushe Dakalin Alaramma

Aminu, wannan babin naka ne, ko da yake ina so 'yan'uwanka duka su karanta. Da ka zo gaishe ni da ƙaramar salla, kana ta mita a kan mutumin da ka ba hayar ɗakunanka na Gaya, wai ya dame ka da waya bango ya yi baƙi, na ji abin da ka ce wa yayarka. Cewa ka yi, "Mu da aka kora daga gidan haya ina jariri, wa ya gyara mana?" Ban tanka ba, don matarka tana wurin, kuma ba na yi wa namiji gyara a gaban iyalinsa. Amma maganar tana nan a raina. Na san inda ka samo ta. Daga bakin Gwaggo Asabe ta fito, Allah ya jiƙanta, ta zaga Gafasa gida gida har ta dawo kunnenku kuna yara. To, waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. Ba wanda ya kore mu, ga yadda aka yi.

Babanku tela ne tun kafin ya aure ni, amma a Gafasa ɗinki sai gabanin salla, sauran shekara kuwa keke ya yi ta shan ƙura. Shi ya sa ya ɗauki kekensa ya koma Gaya, ya sami rumfa kusa da kasuwa, ya kama mana ɗaki. Muka taho da yayarku, wadda har yau bakina bai iya kiran sunanta ba, ni kuma ina da ƙaramin cikinka. Ɗakin yana jikin zaure, bayansa ya ba titi, da 'yar taga guda can sama. Ginin ƙasa ne aka yi masa filasta da siminti, aka shafe shi da sabon fenti fari tas. Ni 'yar ƙauye da na saba da daɓe, da na taka simintin nan sai na ji kamar an kai ni Makka. Na yi jerena, na jingina kabad ɗin kwallayena da bangon baya, na tura akwatina kusa da shi. Wata maƙwabciya da ta shigo ganin ɗaki ta ce mini duk wanda ya kama ɗakin nan damina ɗaya yake yi ya tashi. Na ce a raina baƙin ciki ne irin na matan gari.

Mai gidan kuwa Hajiya Kande ce, tsohuwa 'yar siririya, gajeriya, mai yin ƙuli-ƙuli da man gyaɗa. Ba ta da fara'a ko ta sisin kwabo. In ka gaishe ta sai ta amsa kamar ka ci mata bashi, in yaro ya zubar da ruwa a tsakar gida kuwa sai unguwa ta ji. Tsoronta nake ji, ba zan ɓoye ba. Mijinta, wanda kowa ke kira Alaramma, ya rasu da jimawa, ya bar ta da ɗa guda, Sabi'u, shi ke hulɗa da 'yan haya. Abu ɗaya na lura da shi tun makon farko. A ƙofar gida, jingine da bayan ɗakinmu, akwai dogon dakali wanda Alaramma ya gina da hannunsa. A kansa ya yi shekara da shekaru yana ba magidanta karatu bayan la'asar, a kansa kuma ciwon ajali ya same shi yana tsakiyar biya wa wani. Tun daga ranar ba wanda ya ƙara zama a kai, ko akuya ta hau sai ta sha jifa. Kullum gari ya waye Hajiya za ta fita da tsintsiyarta ta share shi tsaf, ni kuma daga kan gado ina jin ƙarar tsintsiyar ta 'yar tagar nan. Da ita nake gane lokacin ɗora koko ya yi.

Ka zo duniya a tsakiyar marka. Ruwa yau, ruwa gobe, rana sai dai a ji labarinta. Tunda ba haihuwar fari ba ce ban tafi gida wanka ba, sai Gwaggo Asabe ta taho daga Gafasa da ƙullin kanwa da yaji da gero. Ku da kuka san ta da tsufa ba ku san Gwaggo ba. Ƙanwar mahaifina ce, ita ta riƙe ni tun da mahaifiyata ta rasu, ita ta aurar da ni. Rabin matan unguwarmu ita ta yi musu wankan jego, kuma abin alfaharinta a duniya shi ne ba maijegon da ta taɓa kumbura a hannunta. Abokin gabarta ɗaya ne, sanyi. A wurin Gwaggo duk wani ciwo na maijego da jariri sanyi ne ya shige su, kuma sanyi ta kafa yake shigowa. Tana ajiye kayanta ta ɗaga kai ta hango tagar.

"Wannan ramin fa? Kashe mini ke za su yi?"

Ta hau turmi ta cusa tsummokara da tsohon buhu har ko zaren haske ba ya shigowa. Ta rataya bargo a ƙofa. Banɗakin gidan ba rufi, ruwan sama kuma ba ya ɗaukewa, don haka ta ce ba za ta fitar da ni ba, a ɗaki za a yi wankan. Safe da yamma sai a shigo da baho da tafasasshen ruwa da ganyen darbejiya, ta yi ta fyaɗa mini ina ihu tana cewa in yi shiru kar a ji ni. Tururi ya cika ɗaki, ba hanyar fita. Ga kaskon garwashi a ƙarƙashin gado, ga tsummokaranka a shanye a igiya daga wannan kusurwa zuwa waccan. Bango ya riƙa gumi kamar mutum. Ni kuwa daɗi nake ji, don a ganina gata ake yi mini, kuma gatan ne.

Bayan suna da 'yan kwanaki ka fara tari. Daga tari sai numfashinka ya riƙa fita da wani siririn kuka kamar na 'yar kyanwa, haƙarƙarinka yana shiga yana fita, nono ma sai ka kama ka saki don ka sami iska. Gwaggo ta ce ai ga shi nan, sanyi ya sami kafa. Ta ƙara garwashi, ta liƙe ƙasan ƙofa da tsumma. Kai kuma kullum jiya ta fi yau. Ban taɓa jin tsoro irin na kwanakin nan ba, Aminu. Sai in sa kunnena a ƙirjinka ina ƙirga numfashin, ina roƙon Allah kar na gaba ya ƙi zuwa. Da babanku ya ga abin ya wuce jiƙe-jiƙe, ya ɗauke mu a mashin ɗin maƙwabci zuwa asibiti, Gwaggo tana bin mu da faɗa har zaure wai an fitar da ɗanyen jiki. Ma'aikaciyar da ta duba ka ta ba da magani, sannan ta ɗauki zanen da aka naɗe ka ta shinshina, ta yamutsa fuska. Ta tambaya ko ɗakinmu yana da rima, wato danshi. Ta ce mu je mu duba bayan kaya, in akwai fumfuna to kar ka ƙara kwana a ciki, kuma a bar iska ta riƙa ratsa inda kake.

Muna dawowa babanku ya ja kabad ɗin. Gani ya kori ji. Daga ƙasa har tsayin ƙirjin mutum bangon ya yi baƙi ƙirin, da kore kore, da wani farin gashi a kai irin na tuwon da ya kwana uku. Fentin ya kumbura yana ɓarewa, ƙarƙashinsa kuma ga tsohon baƙin da aka shafe tun kafin mu zo. Bayan kabad ya ruɓe. Na buɗe akwati na tarar da zanen saƙin mahaifiyata, abin da kawai na gada daga gare ta, ya yi tabo ya manne da juna. Wari ya bugo mu, warin da muka yi makonni muna shaƙa har hancinmu ya daina ji. Kan gadonka kuwa bai fi kamu biyu daga wurin ba.

Babanku mutum ne mai haƙuri, amma ranar ya fita zaure a fusace ya aika a kira Sabi'u. Bango ɗaya ne tsakaninmu, duk abin da suke faɗa ina ji.

"Kun shafe ruɓaɓɓen bango da fenti kun ba ni, ga shi ɗana zai mutu!"

"Haba Tela, ka ji tsoron Allah. Ɗaki fari tas muka ba ka. Ku kuka mai da shi madambaci. Wa ya toshe taga? Wa ke wanka a ciki safe da yamma? Wanda ya ɓata shi ke gyarawa."

"Ruwan daga waje yake shigowa!"

"Daga bahon Gwaggonku yake tashi!"

Haka suka yi ta yi, wannan ya ce mai gida ke gyara, wancan ya ce ɗan haya, har maƙwabta suka taru ana cewa a tafi wurin mai unguwa. Abin haushin shi ne kowannensu yana da gaskiya, kuma gaskiyar tasu ba ta ƙara maka numfashi ko ɗaya ba. Ina zaune a bakin gado kana kan cinyata ina hawaye, sai na ga an ɗaga bargon ƙofa. Hajiya ce, hannunta duk man gyaɗa. Tun da muka zo gidan ba ta taɓa taka ɗakin ba. Ba ta ce mini sannu ba. Ta tsaya gaban bangon ta daɗe tana kallo, ta sa yatsa ta dangwala, ta juyo ta saurari ƙirjinka. Sannan ta fita zaure, na jiyo muryarta.

"Kun gama rabon laifin? To jaririn a ina zai kwana yau?"

Sabi'u ya fara kawo uzuri, ta katse shi.

"Sabi'u, rufe mini baki. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma ni ce mai ɗakin. Na san bangon nan yana shan ruwa tun ba yau ba. Da sanina ka shafa fenti, ban hana ka ba. Kai kuma Tela, taga ba don ado aka yi ta ba. Ruwan da ya shigo daga waje nawa ne, wanda ya tashi daga ciki naku ne. Kowa ya ɗauki nasa. Ba inda za a je."

Kafin la'asar ta sa an kwashe ni da kai da yayarka da Gwaggo zuwa ɗakinta na can ciki, mai taga biyu suna kallon juna. Gadonta na ƙarfe ta bar mini, ita kuma ta shimfiɗa tabarma a ɗakin da take ajiye buhunan gyaɗa. Babanku ya koma kwana a rumfarsa. Ka ji korar da aka yi mana.

Amma ba a nan wuyar take ba. Muna shiga ɗakin Hajiya, Gwaggo ta dubi tagogin nan biyu, iska tana kaɗa labule, sai ta kwance ƙullin tsummokaranta ta jawo kujera. Ina kallonta ta hau. Ban taɓa yi wa Gwaggo musu ba tun da na yi wayo, ko mijin da zan aura ita ta nuna na ce to. Na dubi ƙirjinka yana shiga yana fita. Ban san lokacin da na miƙe na riƙe tsumman da ke hannunta ba.

"Gwaggo, a bar su a buɗe."

"Me kika ce?"

"Don Allah a bar su. A asibiti an ce iska yake so."

"Saude, ni kike riƙe wa hannu? Uwarki ma ni na yi mata wankanki. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. In an bar ramukan nan a buɗe, to ba da ni ba. Ba zan zauna in ga sanyi ya cinye ki a ce a hannun Asabe aka yi ba."

Na durƙusa ina kuka ina ba ta haƙuri, amma ban saki tsumman ba. Washegari ta ɗaure kayanta ta bi motar Ajingi mai bi ta Gafasa, ko kallona ba ta yi ba. Kada ku ga laifinta. Ita a zuciyarta ta yi imani an ƙwace mata 'ya an miƙa wa mutuwa, kuma da ta isa gida ta rasa yadda za ta ce 'yar da ta raina ce ta ƙi maganarta, sai ta ce matar gida ce ta kore mu. Na fi shekara biyu ina zuwa Gafasa tana amsa gaisuwata da ka. Daga baya mun shirya, amma har ta koma ga Allah ba ta ƙara yi mini wankan jego ba, kuma wannan ciwon yana nan a raina.

Hajiya ce ta ƙarasa mini wankan. Ta sa babanku ya ɗora tsofaffin kwanuka biyu a kan banɗaki, can take kai ni. Hannunta ma ya fi na Gwaggo zafi, tana fyaɗa ganye tana faɗa wai 'yan ƙauye ba mu da juriya.

Babanku ya ɗauki nasa rabon. Ya fitar da kayanmu kaf, duk sanda rana ta leƙo a shanya, ya kankare bangon ciki har ya tarar da ƙasa, ya zare buhun Gwaggo ya faɗaɗa tagar. Saura rabon Hajiya. Sai a lokacin na ji tushen maganar daga bakin maginin da aka kira. Ashe dakalin Alaramma ne. Tsufa ya sa ya rabu da jikin bango ya bar tsaga, indararon soro kuma a kansa yake zuba, ruwa ya bi tsagar ya kwanta a gindin bango inda rana ba ta kaiwa. An liƙe, an sake liƙewa, duk damina sai ya buɗe. Maginin ya ce ya sha faɗa wa Hajiya ba magani sai an cire dakalin an ja kwata, ita kuma ta ce sai dai bayan ranta. 'Yan haya nawa suka tashi a kan haka, ba ta ko ɗaga kai ba. Sabi'u da kansa ya ce a ƙara liƙewa a ga bayan damina, don ya san abin da wurin yake a zuciyar uwarsa.

Amma a wannan karon Hajiya ta ce a rushe shi. Ranar da aka yi aikin na roƙa aka bar ni na tsaya a zaure ina leƙe. Hajiya ta fito da tsintsiyarta kamar kullum ta share dakalin, ta bi kowane lungu, har ta sa gefen mayafinta ta goge inda Alaramma yake jingina. Mutanen unguwa sun taru, cikinsu har da dattawan da suka yi karatu a kansa. Magini ya riƙe diga ya kasa ɗagawa. Wani tsoho ya matso.

"Hajiya, a duba dai. Wurin nan ya sha karatu. Kuma yaron nan ai ba jininki ba ne, in sun tashi shi ke nan."

"Malam Idi, a nan ka zauna Alaramma ya biya maka cewa ba cuta ba cutarwa, ko ba a nan ba ne? Na riƙe dakalin na saki karatun. In na je lahira na tarar da shi, me zan ce masa? In ce na adana maka wurin zama, ɗan mutane ya mutu a bayansa?"

Ta karɓi digar daga hannun magini. Da ƙyar ta iya ɗaga ta, saran ma bai ɓantare abin kirki ba, amma ita ta fara. Ta miƙa masa ta shige gida ta wuce ni, fuskarta a bushe. Ranar ba a soya ƙuli-ƙuli ba, ɗakin gyaɗa kuma a rufe ya wuni. Da aka ɗaga dakalin, ƙasan wurin caɓi ne baƙi mai wari, har da kwaɗi.

Kai kuwa tun da muka koma ɗakin Hajiya, ga magani ga iska, kukan kyanwar nan ya riƙa raguwa. Ran da ka kama nono ka sha har ka yi barci ba ka saki ba, na yi kukan da ban yi ba ranar haihuwarka. Ba mu koma ɗakinmu ba sai da kaka ta yi, bango ya bushe ƙayau aka sake yaɓe shi. A ɗakin na haifi ƙannenka biyu, bai ƙara yin ko ɗigon baƙi ba. Hajiya kuma ba ta canza hali ba, kar ku ɗauka ta koma mai fara'a. Na je yi mata godiya ta ce in tashi in ba ta wuri tana da aiki. Ban taɓa ganin mutum irinta ba, kuma na yi shekaru ina dubawa.

Safiyar farko bayan mun koma ɗakinmu na farka ban ji tsintsiya ba, har na makara da koko. Na hau gado na leƙa ta sabuwar tagar. Tana nan tsaye da tsintsiya a hannu, a gaban wurin da babu komai sai kwatar siminti. Ta daɗe a haka. Can sai ka yi kuka daga bayana, kuka mai ƙarfi na yaro mai cikakken ƙirji. Ta ɗaga kai ta dubi tagar, ta saurara har ka yi shiru. Sannan ta sunkuya ta fara share kwatar, tana tsince ganye da leda don kar ruwa ya tsaya. Haka ta riƙa yi kullum har ƙafa ta gaza mata.

Don haka Aminu, gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Ban ce ɗan hayarka ba shi da nasa laifin ba, wataƙila shi ma yana da Gwaggonsa. Amma kafin ka ƙara ɗaga masa murya a waya, ka hau mashin ka je Gaya, ka zaga bayan ɗakin ka duba naka rabon, ka kuma tambaya ko akwai yaro a ciki. In ka gama ka biya ta maƙabarta ka yi wa Hajiya Kande addu'a. Numfashin da ka ja ka ce ta kore mu, da dakalin mijinta ta saya maka shi.